Kafilin Ohio

Shekara ashirin da shida Alhaji Muntaka yana buɗe shago ɗaya a kasuwar Bab Makka da ke Jidda, yana sayar da jallabiya da abaya da darduma da turaren wuta, amma a duk tsawon shekarun nan babu takarda ko guda da ta san shagon nasa ne. Allon da ke saman ƙofa sunan Abdulghaffar ne a jiki. Lasisi na Abdulghaffar, haya da sunan Abdulghaffar, hatta takardar kuɗin wuta Abdulghaffar take nema. Haka abin yake a Jidda: baƙo ba ya buɗe shago da sunansa, sai ya samu ɗan ƙasa ya ara masa suna, ya tsaya masa a matsayin kafili. Kai za ka zuba jari, kai za ka yi ciniki da mahajjata har muryarka ta dishe, ƙarshen wata kuma ka ɗauki ambulan ka kai wa mai suna har gida, ka sha shayinsa, ka yi masa godiya.

Shi Abdulghaffar, Allah Ya jiƙan rai, bai taɓa cutar Muntaka ba. Kakan Abdulghaffar ne ya tako da ƙafa tun daga Haɗeja, shi kuwa an haife shi ɗan ƙasa, amma Hausarsa ba ta gudu ba. Riyal ɗari biyar ya yanka wa Muntaka a 1980, riyal ɗari biyar yake karɓa har ya koma ga Mahaliccinsa. Duk wanda ya tambaye shi zancen shagon sai ya ce, "Na Muntaka ne, ni suna kawai na ba shi." To wannan magana, da dattawan unguwar Hindawiyya da suka ji ta da kunnensu, su ne kaɗai shaidar da Muntaka yake da ita a duniya. Kowa a unguwar ya san suna daban, mallaka daban, kuma wanda ya taka wannan ƙa'ida ba zai ƙara samun mai amsa masa sallama da sakin fuska ba.

Muntaka ba mugun mutum ba ne, amma akwai shi da son a gan shi. Laƙabin Alhaji bai ƙosar da shi ba, don a Jidda kowa Alhaji ne, har mai sharar titi. Abin da ke cin ransa shi ne duk safiya sai ya ɗaga kai ya ga sunan wani a saman kansa.

Ana haka sai ga zancen Jabiru. Jabiru ɗan ƙanwarsa ne, yana tuƙa tasi a jihar Ohio ta Amurka. Yaron ya lura akwai Musulmi da yawa a garin da suke neman abaya da turaren wuta ba sa samu, sai ya roƙi kawunsa ya aiko masa da kaya ya gwada. Muntaka ya aika katan uku, suka ƙare. Ya aika ashirin, suka ƙare. Turaren kuwa Hajiya Zubaidatu, matar Muntaka, ita ke haɗa shi da hannunta a tsakar gida, har idanunta su yi ja saboda hayaƙi. Da lokacin biya ya zo, Jabiru ya bugo waya.

"Kawu, na yi abin da ya fi biya. Na yi wa kamfani rajista, rabi ni, rabi kai. Sunanka yana kan takarda."

Muntaka ya gyara riƙon waya. "Sunana? A takardar gwamnati?"

"Ƙwarai kuwa, Kawu."

"Kai kana can kana tsaye a shago, ni ina nan, kuma sunana ne a jiki?"

"Rabi, Kawu."

"Jabiru! Ashe ni ne kafilinka!"

Jabiru ya yi dariya, ya fara bayanin cewa can babu wani abu wai shi kafili, abokin tarayya ake cewa. Ina! Muntaka ya riga ya ji abin da yake son ji tun shekara ashirin da suka wuce. Da yaron ya nemi adireshi don takardu, nan take ya karanto masa lambar akwatin gidan waya na kamfanin Abdulghaffar, domin a Jidda ba a kawo wa mutum wasiƙa gida, kuma shi bai taɓa yin akwatin kansa ba.

Zubaidatu tana gefe tana jin komai. Da ya ajiye waya ta ce, "Alhaji, kuɗin kayan fa?"

"Ke Hajiya, ba ki san harkar ƙasa da ƙasa ba."

"Na san harkar hayaƙin da na sha. Kuma akwatin mutane ka bayar. Wasiƙarka ta fara biyawa ta hannun wani kafin ta iso ka?"

Ya kaɗa mata hannu kamar mai korar ƙuda, ya fita.

Kullum bayan la'asar akwai majalisa a ƙofar shagon. Lado tela yakan fito da kujerarsa, Hamidou mutumin Maraɗi mai sayar da agogo ya kawo butar shayi, wasu kuma su tsaya a tsaye. Kafin sati ya zagayo, babu wanda bai san Muntaka ya yi kamfani a Amurka ba. Lado, wanda bakinsa ya fi almakashinsa kaifi, shi ya fara kiran sa Kafilin Ohio. Da tsokana ya faɗa, kowa ya gane tsokana ce, ban da mai sunan. Muntaka ya karɓa hannu bibbiyu. Ya daina ɗaga katan da kansa. Ya sayi sabuwar jaka ta fata, babu komai a ciki sai carbi da maganin hawan jini. Mutum huɗu ya yi wa alkawarin biza.

Abin da ya fi ban haushi, mutumin nan da ya shekara yana tsine wa kafilai a majalisar, yana cewa suna cin gumin bayin Allah suna kwance, shi ne yanzu ya koma lauyansu. "Ku ba ku gane ba ne," in ji shi, yana kaɗa kofin shayi. "Suna ba wasa ba ne. Wanda ya ba da sunansa ya ba da wuyansa." Hamidou ya ce to ai bara ba haka ya ce ba. Muntaka ya ce bara bai waye ba.

A cikin wannan shekara Abdulghaffar ya rasu, kamfani ya koma hannun ɗansa Abdulghani. Shi wannan ya yi karatu shekara huɗu a Amurka, ya dawo da tabarau da ladabi mai sanyi. Yana jin Hausa sarai, amma in zai yi magana sai ya cakuɗa ta da Larabci. Wata uku da rasuwar ya ce wa Muntaka, cikin girmamawa, ko za a mai da ɗari biyar ɗin nan ɗari takwas, tunda komai ya tashi. Muntaka yana da wata tsohuwar jallabiya mai faci a hammata wadda yake ajiyewa don irin wannan rana. Ya saka ta, ya je gidan, ya yi ta rantsuwa kasuwa ta mutu, har da share ido da gefen hannun riga. Abdulghani, wanda ke kiran sa ya ammi, wato baffana, ya ji kunya ya ce, "Halas, ya ammi, a bar shi yadda yake." Muntaka ya dawo yana yi wa Zubaidatu dariyar yadda ya yi wa yaro wayo.

Wata Talata a watan Maris na 2006, majalisa ta cika, sai ga Abdulghani da kansa, riƙe da ƙaton ambulan mai ruwan ƙasa.

"Ya ammi, wannan ya zo a akwati namu. Daga Amrika, da sunanka."

A rufe yake, ko gefensa ba a taɓa ba. Da Muntaka ya karɓa ya jefa a jakar nan tasa da ba ta da aikin yi, da yau labarin nan bai taso ba. Har ya kai hannu ga jakar, sai Lado ya ce, "A'a, Kafili, albashi ne ya iso? Ko dai takardar bashi ce kake ɓoyewa?"

Aka yi dariya. Muntaka ya fasa sa shi a jaka. Ya farke ambulan, ya zaro takardu, ya juya su sama da ƙasa. Turanci ne zalla, shi kuwa Turancinsa bai wuce na ciniki ba. Ya miƙa wa Abdulghani.

"Ɗana, kai ka zauna a ƙasar. Karanta musu da ƙarfi, su ji."

Abdulghani ya zauna, ya gyara tabarau, ya daɗe yana dubawa. Sannan ya yi bayani a hankali. Ya ce irin wannan kamfani a can ba ya biyan haraji da kansa. Ribar da aka samu ratsawa take yi ta cikinsa ta sauka a kan masu shi, a rubuta wa kowa kasonsa, kowa ya je ya faɗa wa hukuma da bakinsa. Tunda Muntaka ba mazaunin jihar ba ne, akwai fom na musamman na waɗanda suke cin riba a jihar alhali ba sa zaune a cikinta, shi ne wannan. Jabiru ya haɗo da 'yar wasiƙa cewa kamfani zai biya harajin, Kawu hannu kawai zai sa.

"Kason nawa ne?" in ji Lado.

Abdulghani ya dubi Muntaka, kamar mai ba shi damar ya hana. Muntaka ya ɗaga haɓa. "Faɗa musu."

"Dala dubu arba'in da ɗaya da ɗari biyu."

Hamidou ya zaro kalkuleta daga aljihu ya danna, ya goge, ya sake dannawa. "Riyal dubu ɗari da hamsin da huɗu da ɗari biyar!" Majalisa ta kaure. Wani ya ce tabɗijam, wani ya yi kabbara. Muntaka ya ji wani sanyi ya ratsa shi tun daga ƙeya har tafin ƙafa. Wallahi ko ranar da ya fara ganin Ka'aba bai yi irin wannan murmushin ba, Allah Ya yafe masa.

"Mabruk, ya ammi," in ji Abdulghani. "In taya ka cikawa?" Ya ciro biro. "Suna tambaya kwana nawa ka yi a jihar bara."

"Ko ɗaya."

"Shagon, ka taɓa ganin sa?"

"A hoto."

"Ka taɓa sayar da wani abu a ciki? Ko ka share, ko ka buɗe ƙofa?"

"Haba ɗana, ni da nake nan? Ai aikin Jabiru ne wannan."

"Kuɗin fa, sun shigo hannunka?"

Nan Muntaka ya ɗan yi tari. Ban da agogon hannu guda da hular sanyi da ba ta da amfani a Jidda, bai taɓa ganin komai daga Ohio ba. Amma idanu goma sha biyu suna kansa. "Suna can suna aiki," ya ce.

Abdulghani ya gyaɗa kai. "Haka takardar ma ta ce. Ko an ba ka ko ba a ba ka ba, naka ne, tunda sunanka ne. Amma ya ammi, ni abin yana ɗaure min kai. Jabiru ne yake wahala. Yaya za a ce naka ne?"

Kai, da Muntaka yana da mai taka masa ƙafa a wannan lokaci! Babu. Sai ma ya miƙe tsaye, ya gyara jallabiya, ya yi musu huɗuba. Ya ce ga shi dai ƙasar da ta fi kowace ƙasa sanin doka ta yanke magana: wanda sunansa ke kan takarda shi ne mai abu. Wahala ba ta mai da mutum mai kaya, in ba haka ba da ɗan dako ne mai jirgin ruwa. Ya ce Jabiru yaron kirki ne, amma ya sani a ƙarƙashin inuwar wa yake. Ya karɓi biro ya rattaba hannu a inda aka nuna masa, ya ƙara masa wata doguwar jela da bai saba yi ba.

"Na ƙaru, ya ammi," in ji Abdulghani, ya yi sallama ya tafi.

Kafin Muntaka ya isa gida labari ya riga shi, ta bakin matar Lado. Zubaidatu ko sannu da zuwa ba ta yi masa ba.

"Mutumin da ka je ka yi wa kuka saboda riyal ɗari uku, shi ka ba ya karanta dubu ɗari da hamsin? A gaban jama'a?"

"Yaro ne mai ladabi."

"Mai ladabin ne abin tsoro, Alhaji. Da ya zage ka a wurin, da na yi barci."

Kwana tara aka yi. A na goma, da hantsi, Abdulghani ya zo shago tare da wani mutum mai ƙirga kaya. Ya gaishe da Muntaka har da sumbatar kai, sannan ya ce daga yau shagon zai dawo hannunsa, ya ammi ya kawo makulli. Muntaka ya ɗauka wasa ne, ya yi dariya shi kaɗai. Da ya ga mutumin ya fara ƙirga darduma yana rubutawa, sai ya zauna a kan katan. Ina zai kai ƙara? In ya je gaban hukuma ya ce shagon nasa ne, tambayar farko ita ce wa ya ba baƙo izinin shago, kuma amsar tana iya ƙarewa a jirgin komawa gida. Iƙamarsa ma, wato takardar izinin zamansa a ƙasar, a hannun yaron take.

Hanya ɗaya ta rage, ita ce dattawa. Malam Hussaini, tsohon da ya fi kowa daɗewa a Hindawiyya, wanda a gabansa aka ƙulla magana a 1980, ya aika aka kira Abdulghani. Yaron bai ƙi ba, don mahaifiyarsa tana zaune a unguwar kuma ba zai so a daina shiga gidanta ba. Aka sa ranar Juma'a bayan la'asar.

Ranar Alhamis Muntaka ya bugo wa Jabiru. Babu ko doguwar gaisuwa, ya ce a turo masa kasonsa gobe-goben nan, ko rabi ne, ya toshe bakin Abdulghani.

"Kawu, wane kaso? Kuɗin ai ba a ajiye suke ba. Suna cikin kaya, da hayar sabon shago, da motar da muka saya. Ribar takarda ce."

"Takardar ta ce nawa ne!"

"Naka ne, amma babu su a hannu. Ni nake tsaye awa goma sha huɗu a shagon nan, ni ma ban ɗauka ba." Sannan ya ƙara da cewa, "In kana so, in riƙa aiko maka da ɗan wani abu duk wata. Kamar yadda kake kai wa marigayi Abdulghaffar."

Muntaka ya kashe waya. Ya daɗe zaune yana kallon bango. Zubaidatu ta zo ta zauna kusa da shi, wannan karon ba da faɗa ba.

"Alhaji, ka tuna 'yan kunnena na zinare da warwarona da muka sayar muka sayi kayan farko? Ban taɓa yi maka gori ba, yau ma ba gori nake ba. Ina jin tsoro ne. Mun tsufa, ba mu da wani abu sai shagon nan. Gobe duk yadda aka juya, zancen Ohio za a tambaye ka. Ka ce na Jabiru ne. Ka ce ko dala ɗaya ba ka taɓa gani ba. Za su yi dariya sati biyu, su gaji."

"Zan faɗa," in ji shi, kuma har ga Allah da gaske yake a lokacin.

Ɗakin Malam Hussaini mutum goma yake ɗauka, amma ranar sai da aka kai talatin, wasu a bakin ƙofa, wasu a kan matakala. Sulhu ba ya buƙatar wannan taro. Sun zo ne su ga Kafilin Ohio. Mata suna bayan labule, Zubaidatu a cikinsu.

Malam Hussaini ya buɗe da addu'a, sannan ya faɗi abin da ya sani: jarin Muntaka ne, wahalar Muntaka ce, kuma marigayi ya sha faɗa a gabansa cewa suna kawai ya bayar. Dattawa biyu suka ce su ma sun ji. Aka juya ga Abdulghani.

Yaron ya yi magana a nutse, yana lalubo Hausarsa. Ya ce bai ƙaryata mahaifinsa ba, kuma shi ma da haka ya taso. Amma wata biyar da suka wuce ya ammi ya zo gidansu ya rantse ba shi da riyal ɗari uku, shi kuma ya yarda. Sannan waccan Talatar, a gaban mutanen da rabinsu ke zaune a ɗakin nan, ya ammi ya koya masa cewa mai suna shi ne mai abu, wahala ba ta ba da mallaka, ya kuma sa hannu a kan haka.

"Ni ɗalibi ne," in ji shi. "Ba zai yiwu ƙa'ida ta zama ɗaya a Ohio, wata daban a Bab Makka ba. Ya zaɓa. In ya ce shagon can na Jabiru ne, shi suna kawai ya bayar kuma ba shi da komai a ciki, wallahi ga makulli, mu koma ɗari biyar kamar da. In kuma nasa ne, to wannan nawa ne."

Ya ajiye makullin a kan darduma, tsakaninsa da Muntaka. Malam Hussaini ya sauke ajiyar zuciya, fuskarsa ta saki, don a ganinsa magana ta ƙare. Wane mai hankali ne zai tsaya tunani?

"To Muntaka, Alhamdu lillahi, yaro ya sauƙaƙa. Shagon Ohio na wane ne?"

Amsar tana bakin Muntaka, ya kwana yana maimaita ta. Ya dubi makullin, har da ɗan zaren kore da Zubaidatu ta ɗaura masa. Sai ya ɗaga kai. Ga Lado a jikin ƙofa, ya riga ya fara tattara dariya a kumatu. Ga Hamidou, kan kalkuleta ya leƙo daga aljihunsa. Ga biyu daga cikin waɗanda ya yi wa alkawarin biza, ɗaya har ya yi fasfo. Ya hango gobe bayan la'asar, da jibi, da duk la'asar ɗin da ta rage masa a duniya, ana kiran sa Kafili ana ƙyaƙyatawa. Shekara ashirin da shida sunansa bai hau komai ba, sau ɗaya tak ya hau, yanzu kuma a ce ya goge shi da harshensa a gaban mutum talatin.

"Nawa ne," ya ce.

Malam Hussaini ya karkato da kunne. "Ban ji ba. Tsufa. Sake faɗa, kuma ka yi tunani kafin ka faɗa."

Kowa ya san tsohon ya ji sarai, ƙofa ce ya sake buɗe masa. Labule ya motsa. Muntaka bai kalli wajen ba.

"Na ce nawa ne, Malam. Rabi nawa ne. Gwamnatin Amurka ma ta san da haka."

Ko Lado bai yi dariya ba. Daga bayan labule aka ji mace ta miƙe, ta nemi takalmanta, ta sauka matakala a hankali. Malam Hussaini ya daɗe yana kallon Muntaka, sannan ya ce, "To, ka yanke wa kanka." Abdulghani ya miƙa hannu ya ɗauki makulli ya sa a aljihu, aka shafa fatiha.

Ba a kore shi ba. Abdulghani ya ce albarkacin mahaifinsa ba zai bar dattijo a titi ba, kuma mahajjata sun saba da fuskarsa. Ya bar shi a shagon a matsayin mai jiran kanti, riyal ɗari tara a wata. Kujerar ita ce dai, allon saman ƙofa shi ne dai, sai dai yanzu ƙarshen wata Abdulghani ne ke miƙo ambulan, Muntaka ya karɓa ya yi godiya. Zubaidatu ta daina haɗa turaren Ohio. Tana haɗa nata kaɗan-kaɗan tana sayar wa matan unguwa, kuma ba ta ƙara tayar masa da zancen ba, wanda ya fi masa ciwo a kan faɗa.

Da Maris ya zagayo, wani ambulan ɗin ya sake zuwa, kason bana har ya fi na bara. Muntaka ya sa hannu shi kaɗai a bayan kanta lokacin da aka rufe don sallar azahar, ya tura shi cikin jakar fata. Da aka buɗe, wata Hajiya 'yar Umara daga Gusau ta shigo, ta zaɓi abaya shida, ta nemi ragi. Ya rage mata abin da aka ba shi izini, ta ce bai isa ba.

"Baba, kira min mai shagon in yi magana da shi."

Shekara ashirin da shida amsar wannan tambaya ita ce "ga ni." Muntaka ya shiga ninke abayar da ke hannunsa.

"Ya fita, Hajiya," ya ce. "Sai bayan la'asar yake zuwa."